Aibun Fim ɗin Shamuwa

"Tikiti nawa?" in ji yarinyar da ke sayarwa, tana leƙa bayansa ko za ta ga yara.

"Ɗaya."

Ta dubi furfurarsa da rigar aikin da ke jikinsa, ta miƙo masa tikitin shiga silimar.

Ya samu kujera can gefe ya zauna. Ko'ina iyaye ne da 'ya'yansu, wannan na kuka, wancan ya zubar da lemo a cinyar uwarsa. Shi kaɗai ne ba wanda ke jan hannun rigarsa, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

A masana'antar takalman da yake aiki Ido ake ce masa. Aikinsa ke nan, takalmi ya biyo ta gabansa, ya juya shi, ya gano zaren da ya zame ko gam ɗin da bai kama ba. Matsalar ita ce idon ba ya tashi daga aiki. Kafin matarsa ta kwashe kayanta ta koma wani gari da 'yarsu, ta ce ta gaji da mutumin da ko labule aka rataya sai ya ce ya karkace.

'Yar ce ta turo shi nan. Hirarsu ta waya kullum sai ƙara tsukewa take yi. Ya makaranta? Lafiya lau. Sai shiru. Tsoronsa kada wata rana ya kira a ce masa tana barci. Makon jiya ne kawai ya ji muryarta ta farfaɗo. "Baba, ka je ka kalli fim ɗin shamuwa. Don Allah." To, yau dai zai samu abin faɗa.

Aka kashe fitilu. Fim ɗin zane ne mai waƙoƙi, labarin 'yar shamuwar da ubanta ya bi garke ya tafi, ya bar ta a sheƙa da karyayyen fiffike. Gaskiya masu zanen sun iya. Ruwan saman da suka zana har sai da ya ɗaga ƙafa kada ya jiƙe. Amma waƙa ta yi yawa, ko ƙofa za a buɗe sai an rera baiti. Shahon da ya sha alwashin cinye ta kuma, haka kawai ya zama mutumin kirki. A ƙarshe uban ya dawo cikin iska, ya sauka a bakin sheƙa yana waƙa da dasasshiyar murya, 'yar ta faɗa ƙirjinsa. Hawaye suka zubo wa Ido. Ya goge fuska da hannun riga kafin a kunna fitilu, yana jin haushin kansa.

Bai iya jira ya isa gida ba. A wurin jiran bas ya kira.

"Auta, na kalla."

"Da gaske, Baba? Ya ka gani?"

Rabon da ya ji ta haka har ya manta. Daɗi ya kwashe shi, bakinsa ya kama abin da ya saba. Ya yaba ruwan saman a gurguje, sannan ya shiga waƙoƙin, ya shiga shahon. Tana ta dariya tana cewa, "Kai Baba!" Sai ya ƙara ƙaimi.

"Babban aibun kuwa ƙarshen ne. Uba ya tafi ya bar 'yarsa, ba aike ba leƙe, ya dawo da waƙa ɗaya a rungume shi? Ko a tambaye shi ina ya shiga? Wannan ɗinkin bai kama ba. A duniya ba a yin haka."

Dariyar ta ɗauke. Yana jin ƙarar cokula a can bayanta, da muryar uwarta tana magana da wani.

"Auta? Kina ji na?"

"Ina ji." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni wurin na fi so. Shi ya sa na ce ka je ka gani."

Ya buɗe baki zai ce ai shi ma wurin ne ya sa shi hawaye, amma maganar ta ƙi fitowa, don bai taɓa koyon irinta ba.

"Mama na kira na," ta ce. "Sai an jima, Baba."

Bas ɗin unguwarsu ya zo ya tsaya, mutane suka ture shi suka shiga. Kwandasta ya buga ƙofa. "Baba, za ka ko ba za ka ba?"

Ido ya dubi wayar da ke hannunsa, ta riga ta yi duhu.

"Ɗana," ya ce, "wanne ne ke zuwa babbar tasha?"