Wa Ya Shiga Rijiyar Yindiski

…kuma gobe da hantsi motar Gashuwa za ta tafi da ita. Ta fita takaba, ƙannenta sun zo ɗaukarta. Ni kuwa ga ni tsaye a bakin ɗakinta kamar baƙo — ni Bubayaro, ɗan farinta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari. Tun ina yaro, in na shigo sai ta juya fuska bango.

Laifin Baffa ne, mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ni ma me ya kai ni tambaya? Bara, a Kasuwar Shanu, fari ya cinye mana garke, muna zaune muna kallon shanun mutane. Na ce, Baffa, wace rana ka fi nuna jarumta? Jira nake ya ɗaga riga ya nuna tabon shaɗi, ko ya kawo labarin kurar nan da kullum take ƙara girma a bakinsa.

Can ya ce, "Ranar da ka faɗa rijiya a unguwar Yindiski, ƙafafuna ƙin motsi suka yi. Tambayi uwarka."

Rijiya… sanyi nake tunawa. Warin laka, sama ta koma ƙarama kamar faifai. Da wani hannu. Duk rayuwata na ɗauka hannunsa ne! Har cika wa yara baki nake yi da shi.

Lokacin muna sababbin zuwa gari. Inna na ɗauke da ƙwarya zuwa unguwar Hausari, ina binta nesa-nesa, ƙamshin man shanu na jana. Ba ta waiwayowa. Amma kuma ba ta taɓa yin sauri ba… sai yanzu nake lura. Wallahi ina kewar hanyar nan.

To ta ina zan fara? Inna, kin ji tsoro? Wa ya riƙe miki igiya? Da kika kamo ni can ƙasa, inda babu mai ji — kin kira sunana?

Na yi sallama. Ta amsa wa bango. Na zauna. Ta turo ƙwaryar nono, tafin hannunta a buɗe… wani farin tabo ya ratsa shi. Igiya ce? Ko wuƙa kawai? Ban taɓa ganin hannun nan kusa haka ba.

Yanzu. Yi magana mana, Bubayaro! Dillalin shanu guda, mai baki a kasuwa…

"Nonon nan ya yi tsami, Inna."

Abin da ya fito ke nan. Kafaɗunta na rawa. Dariya ce? Kuka? In na zagaya zan gani… ina nan zaune, ina ta shan nonon da ko kaɗan bai yi tsami ba.