Sauron Farfesa

"Miƙo hannun mana, maƙwabci, ba yanka ka za su yi ba," in ji Farfesa daga kan gado.

Mai aski ya ƙanƙame hannun rigarsa yana hararar kejin ragar da ke kan tebur, cike da sauro. Shi da ko ɗaya ya gifta a shagonsa sai ya ajiye almakashi ya bi shi da tafi, yau shi ake cewa ya miƙa musu jininsa.

"Shekara da shekaru ina lallaɓa sanƙonka ban taɓa yankarka ba. Sakayyata ke nan?"

Farfesa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rayuwarsa kaf ya ƙarar da ita yana bin diddigin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, har ya gano wata ƙwayar halitta da sauro ke gada, wadda ke hana cutar girma a cikinsa. Na cikin kejin nan zuriyar da ya rena ce. Ana gyaran ɗakin bincikensu, aka kawo su gida, ɗalibarsa mai kula da su kuma ta yi tafiya. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, in kuwa ba ƙwai, zuriyar ta ƙare da aikin duka. Da hannunsa yake ciyar da su har likita ya hana, ya ce jinin da ya rage masa ko shi bai ishe shi ba. Matarsa kuwa ta ce ita mutum ta aura.

"Ka tabbata ba su da cuta?"

"Sun fi askarka tsabta."

Mai aski ya runtse ido, ya ɗora damtsensa a kan ragar, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Wayyo! Wannan ta gefen ba ta da tarbiyya!"

"Yunwa ce. Yi haƙuri, baƙinka ne."

Sabo turken wawa. Kafin a ce me, mai aski ya fara rufe shago da hantsi, ya tsallako ya zauna a kujerar gefen gado, hannu a keji, suna gardamar ƙwallo. Masu zuwa aski suka sa shi gaba da tsiya, wai ya buɗe gidan abinci. Shi kuwa sai ya naɗe riga ya nuna musu ƙurajen da alfahari, ya ce shi ma yanzu yana cikin masu bincike.

Sai dai muryar Farfesa kullum ƙara sirancewa take yi, abin yana taɓa zuciyar mai aski ko da yake ba ya nunawa.

"Sun yi ƙwai?" Farfesa ya tambaya wata safiya.

Mai aski ya leƙa jiƙaƙƙiyar takardar da aka sa musu don yin ƙwai, cikin kofi a ƙasan kejin. "Tukuna."

"In na riga su, kar ka bar su da yunwa."

"Ka riga su zuwa ina? Ga ƙeyarka nan ta isa aski."

Ya ɗauko almakashi ya gyara masa ɗan gashin da ya rage, a hankali. Washegari da safe Farfesa ya cika.

Gidan ya cika maƙil da baƙi. Likitoci da ɗalibai suka zo daga nesa, kowa da labarinsa. Wani dattijon likita ya ce tsinken gwajin jinin da ke nuna musu zazzaɓi kafin ya kayar da yaro, daga binciken mamacin ya samo asali. Mai aski ya saki baki. Ashe mutumin da suke musu da shi kan kajin da ke tsallake katanga ke nan! Kewarsa ta kama shi, ya miƙe ya sulale ɗakin Farfesa.

An naɗe katifa, an kwashe kwalaben magani, amma kejin na nan. Ya ja kujerarsa, ya naɗe riga, ya ɗora hannu.

Matar Farfesa ta shigo da jajayen idanu, ta tsaya a bayansa.

"Maƙwabci, har yau?"

"Alkawari ne, Yaya. Su ba su san an yi rasuwa ba."

Ta yi murmushi, ta sunkuya tana leƙen kofin, sai ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa da yatsa. A kan jiƙaƙƙiyar takardar ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo nan birjik, kamar an barbaɗa garin gawayi.

Mai aski ya juya wajen gadon zai yi magana, sai ya fasa. Bai janye hannunsa ba, ya bar su suka ƙoshi.