Ƙibar Bidi

Da Manu ya rasu aka raba gado a Matameye, dokinsa Bidi ya faɗa hannun ƙanensa Ummaru, mutumin da ko jaki bai taɓa kiwo ba. Maryama, matar marigayin, ta gama takaba ta ci gaba da zama a gidan, ɗakinta na kallon turken dokin.

Ta san Bidi kamar yunwar cikinta. Shi ya yi ta kai Manu Kano da Damagaram tare da ayarin fatake, har bayansa ya lotsa, haƙoransa suka yi tsawo. Da ya tsufa, Manu kan ja shi da hannu kowace safiya su zaga bayan gari, don ƙafar tsohon doki in ta daɗe a tsaye cika take yi da ruwa.

Ummaru kuwa doki ya samu, ya sayi rawani. Hawa ba ya iyawa, jan linzami a ƙasa kuma a ganinsa aikin bara ne, bai dace da mai rawani ba. Abin da ya sani ɗaya ne: dokin babban mutum da ƙiba ake gane shi. Sai ya ɗaure Bidi a turke ya hana shi fita, wai kada tafiya ta zubar masa da nama. Gero, dusa, harawa, kanwa, dura kawai ake yi masa. Da la'asar Ummaru ya shimfiɗa buzu kusa da turken, ya tara 'yan cin goronsa suna ta yaba kitse.

Ba a daɗe ba ƙafafun baya suka kumbura, suka zama kamar taɓare. Maryama ta danna da yatsa, wurin ya lotsa, babu zafi.

"Ummaru, dokin nan tafiya yake so. Ƙafafunsa sun cika."

"Kin gani ko, Yaya? A hannun mijinki ƙashi ne da fata. A hannuna har ƙafafu sun yi ƙiba!"

'Yan goro suka bushe da dariya. Matsalar Maryama ke nan: tsakanin matar wa da ƙanen miji wasa ne, duk abin da ta faɗa masa zolaya ake ɗauka. Da ta ce masa sakarai, dariya yake yi ya rama. Ita kuwa har zuciyarta take faɗa, don ta raina shi raini mai tsanani.

Igiyar turke ba ta san ƙiba ba. Ƙafar ta kumbura, igiyar ta nutse cikin fata ta yanka, ƙudaje suka samu wurin zama. Wata safiya Maryama ta tarar da Bidi ya ɗage ƙafar hagu, ta fi 'yar'uwarta girma nesa ba kusa ba, kumburin ya haura har gwiwa. Ta taɓa, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Geron jiya yana nan a akushi bai taɓa ba. Ta sha jin Manu yana cewa kumburin ƙafa biyu mai sanyi na tafiya ne, amma ƙafa ɗaya mai zafi ba a kwana da ita.

"Ummaru, yau ba wasa nake ba. Aika Kance a kira Shekara mai maganin dawaki, ya yi masa sakiya tun ruwan bai shiga gaɓa ba."

"Shekara? Ya ratso kasuwa da jakar ƙarafunansa, kowa ya ce doki ya lalace a hannuna? Allah ya kiyaye. Ke dai kishi kike, Yaya."

Maganin da ya ga ya dace shi ne lalle. Ya sa aka kwaɓa aka lafta wa ƙafafun huɗu, ciwon ya ɓuya ƙarƙashin ja. Baƙin la'asar suka ce kai, Bidi ya zama ango.

Maryama ta jira ya sauko, bai sauko ba. Da dokin ya kwanta ya kasa tashi, ta yafa zane ta kama hanyar Kance da ƙafarta, tsohuwa da ita, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta dawo da Shekara rana ta karkata.

Shekara ya durƙusa ya kankare lallen da wuƙa. Wari ya tashi har 'yan goro suka ja baya. Ya matsa gwiwar, ya saurari numfashin dokin, sannan ya mayar da ƙarfen sakiyarsa cikin jaka ko wuta bai sa aka hura ba.

"Ranar da ya bar cin gero ya kamata a kira ni," in ji shi. "Yanzu mugunya ta ci gaɓa, ta shiga jini. Ku ba shi ruwa ku bar shi."

Maryama ce ta zauna ta riƙe wa Bidi ƙwaryar ruwa har ya daina sha. Ta yi kuka, kukan doki da na mai doki a haɗe.

Kafin a ja gawar zuwa bayan gari, Ummaru ya sa aka yanke wutsiyar. Ya kai wa baduku ya ɗinka mata mariƙi na jar fata, ta zama abin korar ƙuda. Ranar kasuwa ya fito da rawaninsa yana kaɗa ta, yana gaya wa mutane tsufa ne ya kashe Bidi, amma ya mutu da ƙibarsa.

A bakin zaure suka yi kiciɓis da Maryama. Ya kaɗa mata wutsiyar a fuska yana murmushi, yana jiran zolayar da aka saba.

"Riƙe ta da kyau, Ummaru," ta ce. "Iyakar dokin da za ka iya kiwo ke nan."

Ya yi dariya, ya duba fuskarta ko za ta taya shi. Ba ta taya shi ba.