Takardar Ndatsu

Shekara goma sha tara Ndatsu yana kwanciya ƙarƙashin tarakta. Tsoffin taraktocin ƙasar Cek da ke garejin ma'aikatarsu a Minna, da kunne kawai yake gane ciwon kowacce. To da aka ce a 2006 za a tura bakanike ɗaya can kwas na wata uku, wa za a tura in ba shi ba? Oga da bakinsa ya ce, "Ndatsu, je ka yi fasfo."

Ya yi fasfo. Daga can ya zarce shagon intanet, aka buga masa shafi biyu na kalmomin matafiya. Ya bi kowacce ya rubuta yadda ake faɗinta da biro a gefe. Dobri den, barka da yini. Prosim, don Allah. Dekuyi, na gode. Wadda ta fi ba shi wahala kuwa ita ce ta "ba na cin naman alade". Sati biyu yana fama da ita, harshe kamar zai karye.

"Baban Husna, wai aljanu kake kira ne?" in ji matarsa Aziza, tana tankaɗe tana dariya.

"Yi dariyarki. Ranar da aka ajiye mini abin da ban sani ba a faranti, ke za ki zo ki yi mini bayani?"

Kuskurensa ɗaya, kuma babba: tikiti bai shigo hannu ba ya fara sallama. Ya bi unguwar Fadikpe gida-gida. Ya hau mota har Bida ya durƙusa gaban tsohuwarsa, ta sa masa albarka, ta ciro bargonta mai kauri ta ba shi, don ta ji an ce sanyin can yana kisa. A gareji kowa ya shigo sai ya tare shi da "Dobri den!" Kafin wata ya ƙare sunan ya bi shi, har masu acaɓa haka suke kiransa, shi kuma yana jin daɗi.

Ran Litinin ɗin da aka liƙa sanarwar wanda za a tura, ya karanta sau uku. Zikrullahi. Ɗan 'yar'uwar matar oga, wanda aka ɗauka bara yana rubuta sunayen masu zuwa hayar tarakta. Yaron da ko sifana bai taɓa riƙewa ba, wallahi!

Oga bai ko ɗago kai ba. "Daga sama aka sauya. Ka yi haƙuri, akwai wani zuwan." Sannan ya ƙara da abin da ya fi ƙona ran Ndatsu: "Af, takardar kalmomin nan taka, ka ba shi ya duba."

Ya miƙa. Duk ta yi baƙi da man inji, ta tsage a wajen ninki. Ya tsani hannunsa da ya miƙa ta. Bargon kuwa Aziza ta cusa shi ƙasan akwati, don ba wanda ke da fuskar mayar da shi Bida.

Damina ta kama, tarakta ta mutu a tsakiyar wata gona a Gwada. Aka tura Ndatsu, tare da sabon shugaban sashen gyara, Zikrullahi, wanda ya dawo da satifiket da jajayen kumatu. Ndatsu ya shige ƙarƙashi cikin taɓo, shugaba ya tsaya a gefe yana kare takalminsa.

Mai gonar ya leƙo. "A'a, Dobri Den! Har ka dawo daga Turan?"

Ndatsu ya yi kamar bai ji ba. Can ya kasa daurewa ya ce, "Zikrullahi, takardar ta yi maka amfani?"

"Wacce? Oho! Ai Baba, tafinta aka ba mu. Ina jin a ɗakin otal na baro ta."

 Ndatsu ya miƙo hannu waje. "Ba ni sifana mai lamba sha bakwai."

Aka yi ta kwaramniya a akwatin kaya, sannan aka ɗora masa filaya a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta.

"Dekuyi," ya ce.

"Na'am? Me ka ce, Baba?"