Ƙarfe a Idon Baba

Wata biyu muka yi muna jiran layin hoton MRI. Baba ya fara jan ƙafar hagu, likita kuma ya ce ba zai sa wuƙa a bayansa ba sai ya ga inda jijiyar ta matse. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce wai mai ilimi, don haka ni aka miƙa wa takardar tambayoyi. Akwai ƙarfe a jikinka? A'a. An taɓa yi maka aiki? A'a. Haka na bi su ina cikewa, ko kallonsa ban yi ba. Sauri nake, kada a ba wani gurbinmu.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta sa ya cire agogo da bel. Har ta kama ƙofa, sai ta tsaya tana kallon tabon ƙuna a hannuwansa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Walda, 'yata. Shekara talatin da ɗoriya."

"Ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

Ya yi dariya. "Wa zai yi walda bai shiga ba? Wannan ai ba ciwo ba ne. Abokin aikina ke lakace min shi da bakin hankici, mu koma aiki."

Na taka masa ƙafa don ya yi shiru. Na manta wadda ba ta ji ce.

Matar ta saki ƙofar. Ta ce injin nan maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, idan akwai ragowar ƙarfe a ido zai iya motsa shi ya yi ɓarna. Sai an ɗauki hoton idon tukuna.

"Malama, don Allah, tsohon zance ne," na ce. "In muka rasa yau, sai yaushe?"

"Ban sani ba. Amma ba zan shigar da shi ba."

Raina ya ɓaci, har da ita, har da Baba da surutunsa. Muna zaune a benci aka kira wata tsohuwa ta shige gurbinmu. Ta bango ina jin injin yana bugawa kamar ana daka. Tsoro nake ji ƙafar ta mutu gaba ɗaya kafin layi ya sake zagayowa, Baba kuwa sai murza gwiwa yake.

Da hoton idon ya fito, likita ya nuna mana wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar yashi ba. Ya ce ƙarfe ne, ya shige ciki sosai. Za mu ga likitan ido, shi kuma zai nemi wata hanyar duba bayan.

"A wane idon yake?" Baba ya tambaya.

"Na dama."

Baba ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Kada ki gaya wa mamarki. Na hagun ya fi shekara biyar ba na gani da shi."