Na Hagun Mama

Ranar da aka sallamo Mama daga asibiti, ni na yi mata wanka. Na kai kujerar roba banɗaki, na sirka ruwa, ta zauna tana kallon bango. Sankara ce ta kama nononta na hagu, aka cire shi gaba ɗaya. Ɗinkin ya taso daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Ina ta kaffa-kaffa da soso, ina kau da kai.

"Ki kalla mana," in ji ta. "Ke da kika fi kowa morarsa."

Na kalla. Wurin ya shafe sumul, sai tabon zare.

"Shi kaɗai kike kamawa," ta ce. "In na juya ki dama sai ki datse baki kamar an ba ki magani. Har ya fi ɗan'uwansa girma, na daɗe ina yawo a karkace. Yayanku kuwa cizo, ya cije ni kuma ya ɗago yana min dariya."

"Auta fa?"

"Wannan ai da ƙafarsa yake zuwa. Ko baƙi nake da su, sai ya zura hannu a wuyan rigata kamar ya ba ni ajiya."

Muka yi dariya har ta dafe wurin ɗinkin. Na zuba mata ruwa a baya, ban tambaye ta ko hawaye ne a fuskarta ba.

Yayarta, wadda muke kira Inna Babba, ta zo jinya ta tare a ɗakinmu. A bakinta na ji yarintar Mama. Wai da ta fara ƙirgen dangi, a duƙe take tafiya, littattafai rungume a ƙirji har ƙofar aji. Inna Babba ce ta ba ta rigar mama ta farko, kwancenta, da ta yi mata yawa har sai da aka ƙulle hannayen ta baya.

"Yaya, ki daina tona min asiri gaban yara," in ji Mama daga kan gado.

"Wane asiri? Ba ke ce kika kulle ɗaki kina ta juyi gaban madubi ba?"

Baba ba mai yawan magana ba ne. Shi nasa tausayin, ɗauke madubin ɗakinta ya yi ya kai bayan kwaba. Mama ta kira shi.

"Malam, mayar min da abina. Sauran jikin ai yana nan, ina son ganinsa."

Ya mayar, ya tsaya a bayanta yana gyara ƙusar da ba abin da ya same ta.

Maganin da aka riƙa ɗura mata ya zubar mata da gashi, ya hana ta jin ɗanɗanon komai. Da ta murmure, sai ta ce za ta koma makarantar firamaren da take koyarwa. Inna Babba ta ɗinka mata 'yar jaka mai laushi, ta cusa auduga, aka saka cikin rigar mama. Ranar farko ta dawo tana dariya tun daga ƙofa. Ashe duk ɗaga hannun da take yi wajen rubutu a allo, abin sai ya ƙara hawa, har ya kusa kai mata wuya. Wata malama ce ta yafito ta ta taga. Inna Babba ta ce nauyi ne babu, ta zuba maɓallai a ciki. Wannan kuma in Mama na sauri sai ka ji kacau-kacau. Auta ya ce yanzu ba ta isa ta kama shi yana satar nama ba, tun daga nesa zai ji ta.

Allah ya ara mata kwana har ta ga aurena da haihuwata. Lokacin da nono ya cika min ya yi tauri, ina kuka jaririya na kuka, ita ta gasa min da tawul mai ɗumi, ta gyara min zama, ta tallabo kan yarinyar da tafin hannunta.

"Kada ki kai mata, ita za ki kawo," ta ce. "Saki kafaɗarki."

Yarinyar ta kama. Da ta ƙoshi, Mama ta karɓe ta, ta ciro 'yar jakar ta ajiye a kan hannun kujera, ta kwantar da yarinyar a wurin da ya shafe. Ta ce nan ta fi jin bugun zuciya.

Ciwon ya dawo wa Mama a ƙashin baya kafin in yaye yarinyar. Ta rasu da hantsi a ɗakinta, Inna Babba na riƙe da ƙafarta. Yarinyar ta girma yanzu, ta fara tafiya a duƙe, kuma ni ce nake ce mata ta miƙe.