Mazan Gidan Ba Sa Furfura

Tana shanya a tsakar gida sai mai faci ya yi sallama. Shekara da shekaru rumfarsa tana jikin shagon mijinta kafinta, amma bai taɓa taka ƙofar gidan ba sai ranar. Da ta leƙa ta ga kular abincin da ta ba maigidan da safe a hannunsa, sai ta saki zanen da take matsewa.

"Uwargida, sai haƙuri," in ji shi. "Kafinta ya faɗi yana cikin gugar katako. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa."

Ta karɓi kular, ta ji ta da nauyinta. Ko buɗewa bai yi ba.

Abin da aka daɗe ana tsoro ne ya faru. Tun tana amarya dangin mijin suke faɗa, cikin wasa amma da gaske, wai mazan gidansu ba sa furfura. Mahaifinsa ya tafi da baƙin gashinsa, wansa ma haka, duk hawan jini, duk faɗuwa ɗaya. Ranar da likita ya auna kafinta ya girgiza kai, ita ta riƙe maganar, don shi dariya ya yi. Karatunta bai yi nisa ba, amma abin da aka gaya mata ta haddace shi: a rage gishiri da mai, a riƙa tafiya a ƙasa, a sha ƙwaya kullum. Daga ranar tukunya biyu take ɗorawa, ɗaya ta yara, ɗaya tasa, lami. Ita ma a tasa take ci, don kada ya ci shi kaɗai. Babur ɗinsa kuwa sai da ta ga an sayar, ya koma zuwa shago a ƙafa.

"Wannan miya ce ko ruwan wanke hannu?" yakan ce.

"Ci dai, Malam. Mai rai shi ke ƙorafi."

Da masu ta'aziyya suka watse, 'ya'yanta mata suka koma gidajen mazajensu, sai ya rage ita da Auta, ɗanta namiji tilo, direban babbar mota. Tsayinsa na uban, wuyansa na uban, hatta yadda yake dafa ƙeya in ya gaji. Ta ga yana barbaɗa gishiri a kan abinci tun kafin ya ɗanɗana, ta kuma ji warin taba a rigarsa.

"Auta, kafin ka koma hanya ka je a auna jininka."

"Umma, don Allah ki bar ni. Baba ya ƙare rayuwarsa yana cin abincin majinyata, me aka fasa? Ga mai faci can, hayaƙi kamar salansar tsohuwar mota, kitse yake ci har yana lasar hannu, ya ma girmi Baba, amma shi ya kawo miki labari. Ga Kaka, ko haƙori ɗaya ba ta da shi, shayinta sai cokali ya tsaya don sukari. Abin a jini yake. Ku naku mai dogon zango ne, mu namu gajere."

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Mahaifiyarta tana nan daram, ta binne miji da ƙannenta duka. Ke nan ita ma akwai doguwar tafiya a gabanta, a ɗakin nan mai kujera biyu da kafinta ya haɗa da hannunsa. Ta zauna a ɗaya tana kallon ɗaya. Ta riƙa tambayar kanta ko a banza ta hana bawan Allah jin daɗin bakinsa.

Ranar da Auta zai tafi ya roƙi hular da uban yake zuwa aiki da ita. Ta ciro ta daga jikin ƙusa, ta juya cikinta za ta kakkaɓe garin katako, sai ta tsaya.

"Zo ka duba nan."

"Gashi ne, Umma."

"Wane iri?"

Ya sake dubawa ya ce, "Fari."

"Kakanka bai ga irinsa a kansa ba, baffanka ma bai gani ba. Ubanka ya aurar da yayyenka, ya ɗauki jika har ya yi masa fitsari a cinya. Ban ce na hana mutuwa ba, ni wa? Kwana na Allah ne. Amma Allah ɗin ne ya ce tashi in taimake ka. Na binne ɗaya. Kada ka sa in zauna ina jiran wani ya kawo mini kularka."

Ya cusa hular a aljihu ya fita, har ta ɗauka tafiyar ke nan. Can sai ga shi ya dawo daga asibitin unguwa, fuska a murtuke, da ƙwayoyi a leda.

"An ce ya hau," ya faɗa yana kallon ƙasa. "Amma fa taba ban yi alkawari ba."

"Na ji. A fara da wannan."

Yanzu ita kaɗai ce a gidan. Ba ta iya karanta saƙon waya ba, saboda haka kafin ya tafi ya nuna mata maɓallin da za ta danna. Kullum da safe, in ta share tsakar gida, sai ta danna, ta bari ta yi ƙara sau ɗaya ta kashe, don tuna masa ya sha maganinsa. In ya sha, shi ma sai ya maido mata. Wata rana nan take, wata rana sai rana ta take, wata rana shiru. Takan ajiye wayar a cinyarta ta jira.